Bahago da 'Yar Mai Gyaran Fiyano

Su uku ne a gidan da ke saman shagon gyaran fiyano: tsoho mai shagon, da 'yarsa, da jikarsa 'yar shekara bakwai. Tsohon ya yi shekara arba'in yana ɗaure tsirkiyoyin fiyano har kunnensa ya soma gajiya, sai 'yar ta karɓi aikin, ta zama ita ke fita da jakar kayan aiki zuwa makarantu da otal-otal. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Jikar kuwa Tsuntsuwa ake ce mata, saboda ko abinci take ci sai ka ji tana rera wani abu a hanci.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da gidan ya rasa shi ne namijin da zai ce zai dawo a yarda da shi. Mijin 'yar ya tafi neman aiki wata ƙasa tun Tsuntsuwa tana goye, ya ce wata shida zai yi. Bayan shekara biyu takardar saki ce ta iso.

Shi kuma makaɗin, Bahago abokan aikinsa ke kiransa, don hannunsa na hagu ya fi na dama ƙarfi a kan fiyano. Kiɗan jaz shi ne ransa, amma jaz kaɗai ba ya riƙe mutum, saboda haka yawancin shekara yana bin wata mawaƙiya ƙasa-ƙasa yana buga mata kibod. Yana da akwati biyu, da fasfo da tambari ya cinye, da ɗakin haya wanda ko labule bai saka masa ba. Idan jirgi ya sauka kowa ya ciro waya yana cewa mun iso lafiya, shi sai ya tsaya yana kallon kaya suna zagayawa.

Wata Alhamis da azahar suka haɗu a babban ɗakin taron wani otal. Ya zo da wuri don ya gwada fiyanon da zai buga, ya tarar an buɗe masa ciki, wata mace ta sunkuya da sifana a hannu tana buga maɓalli ɗaya tak, ta buga ta sake bugawa.

Ya jira minti goma, haƙurinsa ya ƙare.

"Malama, sannu da aiki. Saura da yawa?"

"Saura abin da ya saura," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ai ni a kunnena ya yi haka nan."

"A kunnenka. Matso ka ji."

Ya matso. Ta danna maɓallin ta riƙe. "Wannan sautin tsirkiya uku ke ba da shi. Biyu sun shirya, ɗaya ta ƙi. Ka ji muryar tana rawa?"

Ya kasa kunne. Da farko bai ji komai ba, can sai ya ji: sautin yana kaɗawa a hankali kamar ruwa a kwano. Ta ɗan murɗa sifanar kaɗan, rawar ta ragu, ta ƙara raguwa, sai ta tsaya cak, sautin ya miƙe sumul har ya ɓace a ɗakin. Shekara ashirin yana dukan fiyano, bai taɓa sanin haka ake yi masa magana ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Da ta gama ta rufe jakarta ta nufi ƙofa, don ba al'adarta ba ce tsayawa jin kiɗa. Shi kuwa ya zauna, ya sa yatsan hagu a kan maɓallin nan da ta yi ta bugawa, can ƙasa inda sauti ke da kauri, ya ƙara masa uku, ya riƙa zagaya su huɗun a hankali. Sai hannun dama ya taso a kansu.

Ta tsaya a bakin ƙofa. A gidansu, kiɗa abu ne da ake rubutawa a takarda a bi shi daki-daki. Wannan kuwa babu takarda a gabansa, idanunsa a rufe, kuma waƙar tana tafiya kamar mai tunani, ta yi gaba, ta ɗan tsaya, ta dawo ta gyara zancenta. Jakar ta yi mata nauyi, ta ajiye ba ta sani ba.

"Waƙar wa ce?" ta tambaya da ya ɗaga hannu.

"Ban sani ba tukuna. Yanzu ta zo."

"Daga ina?"

"Daga wannan maɓallin naki da kika hana shi sakat. Taki ce ke nan."

Ta sunkuyar da kai ta ɗauki jakarta. Ya yi wuf ya miƙe.

"Malama, ko zan samu lambarki? Kibod ɗina ma yana so a duba shi."

"Kibod wuta yake ci, ba shi da tsirkiya ko ɗaya. Nemi wata ƙaryar."

Ya sosa ƙeya. "To ba ni da wata. Ina so in sake jin muryarki ne."

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ba shi katin shagon.

Washegari saƙonsa ya shigo.

"Barka da safiya, Mai Kunne. Fiyanon nan jiya har kuka ya so ya sa ni. Mutane sun tafa mini, ni kuwa ina ta jin kamar na karɓi kayan wani."

Ta amsa: "Ka riƙe tafin. Ka dai daina dukan maɓallan ƙasa kamar sun ci maka laifi, ni ke shan wahalar gyara."

Haka suka soma. Wata biyu yana gari, kusan kullum da la'asar sai ya biyo ta shagon. Ya koyi riƙe mata fitila idan ta shiga cikin fiyano, ya koyi yin shiru idan tana sauraro. Ita kuma ta riƙa kiransa Baƙona, wai don ta riƙa tuna wa kanta cewa mai tafiya ne. Tsuntsuwa tana leƙensa daga bayan wani tsohon fiyano, idan ya juyo ta ɓuya.

Tsohon yana gani, har ranar da Bahago ya zo da maganar aure. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zai yi tunani. Da Bahago ya tafi, tsohon ya kira 'yarsa.

"Uwata, zauna. Shekara arba'in ina yi wa makaɗa aiki. Akwai masu kirki a cikinsu, amma ban cika ganin wanda ke jin wani ba, kansu kawai suke ji. Wannan kuma wata takwas a shekara yana hanya. Mun taɓa raka wani tasha a gidan nan."

"Baba, ba ɗaya suke ba."

"Haka kika ce. Na tambaye shi ya buga mini abin da ya buga jiya, ya ce ba zai iya maimaita shi daidai ba, wai haka kiɗansu yake. Mutumin da ba ya iya buga waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu, ta yaya zai riƙe magana ɗaya? Ga mai kemis nan maƙwabcinmu, shekara uku yana aiko mini neman aurenki. Ƙarfe takwas ya buɗe, ƙarfe takwas ya rufe. Ba zan tilasta miki ba. Amma ba ke kaɗai ba ce, akwai yarinyar nan."

Ta san ba za ta yi auren da Baba bai sa wa albarka ba, kuma maganar yarinyar ta soke ta.

A makon ne Bahago ya tafi zagayen wata uku da mawaƙiyar. Daga kowace tasha sai ya rubuto.

"Mun sauka lafiya, Mai Kunne. Yau ne karon farko da na ciro waya tare da kowa. Mai gangar ƙungiyarmu ya ce in ba shi lambar ya tabbatar mutum ce ba injin amsa kira ba."

Wata rana ya kira ta daga wurin gwaji, ta ce, "Baƙona, buga mini waƙata." Ya jingina wayar ya buga. Ta saurara. Ba ita ba ce. Waccan a hankali take tafiya, wannan tana tsalle-tsalle.

"Ba haka take ba," ta ce.

"Ita ce mana. Yau haka ta tashi."

Ta yi sallama a gajarce. Kwana biyu bayan haka wata ƙawarta ta turo mata bidiyon wasansu. Ga mawaƙiyar ta jingina da fiyano cikin doguwar riga mai walƙiya, tana rera wasu baitoci, tana kallonsa tana murmushi, kuma a cikin kiɗan akwai ɗan guntun abin da ya buga a otal ranar Alhamis ɗin nan. Ta kalla sau biyu ta kife wayar.

Ta rubuta masa: "Ka manta yadda take, sannan abin da ya rage ka ba wata. Baba ya faɗa mini, ban ji ba. Allah ya ba da sa'ar tafiya."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuto: "Wallahi ban ba kowa ba. Kullum sai na buga ta, a kowane gari, don ita ce hanyar da nake miki magana. Mawaƙiyar ta ji ta ne ta ɗora murya, haka muke aiki. Don Allah ki saurara da kunnen nan naki." Ta karanta, ba ta amsa ba. Ta ce wa Baba ya faɗa wa mai kemis mutanensa su zo ƙarshen wata, za ta ji abin da suka zo da shi.

Saura kwana shida mutanen mai kemis su zo, tana shago da rana tana canja audugar da ke cikin wani fiyano, Tsuntsuwa kuma tana zaune a ƙasa da wayar uwar, ta nemo bidiyoyin ƙungiyar su Bahago tana kallo ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta buɗe baki za ta hana ta, sai ta ji abin da yarinyar ke rerawa a hanci. Sauti huɗu ne masu kauri, suna zagayawa. Bidiyo ya ƙare, wani ya soma, na wani gari, da wani sauri daban, yarinyar ba ta canja abin da take rerawa ba, kuma ya zauna daram.

"Kawo wayar nan."

Ta zauna a kan benci. Duk wanda ya saurari fiyano, hannun dama yake bi, don shi ne a sama, shi ne mai ado. Ita ma haka ta yi, duk da sana'arta. Yanzu sai ta toshe hankalinta daga saman, ta nutsa ƙasa. Gari na farko: sauti huɗu. Gari na biyu, inda kiɗan ke gudu kamar ana korarsa: su ne dai. Na uku, inda mawaƙiyar ke jingine: su ne. Bidiyo bakwai, garuruwa bakwai, hannun dama bai taɓa maimaita kansa ba, hagun kuwa bai gusa ko kaɗan ba, kuma kowane zagaye daga maɓallin nan nata yake tashi. Ta rufe baki da hannu.

Ta kai wa Baba. Shi dama kunnensa ya daina kama siraran sautuka, masu kaurin ne yake ji tangaran. Ya saurari uku, ya yamutsa fuska.

"Uwata, me kike so in ji? Ai abu ɗaya yake ta bugawa."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Baba, kai fa ka ce ba ya iya maimaita abu."

Tsohon ya gyara tabarau, ya ƙara sauraron ɗaya. "To. Wannan ya nuna bai manta waƙa ba. Bai nuna zai iya zama da mutane ba." Amma da yamma shi da kansa ya shiga kemis ya ba maƙwabcinsa haƙuri, ya ce a dakata.

Ita kuwa ta rubuta: "Baƙona, na ji hagun. Ka yafe mini."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Alhamdu lillahi. Kwana goma sha ɗaya ban ci abinci ya zauna ba. Mai ganga ya ce a gaishe ki, wai kin ceci ƙungiya, don kiɗan makoki nake ta yi musu."

Ranar da ya dawo, daga filin jirgi shagon ya nufo, da akwatunansa. Ya durƙusa ya gaida tsohon. Tsohon ya amsa, ya nuna wani ƙaramin fiyano a gefe.

"An ce kai gwani ne. Jikata wata huɗu tana fama da waƙa ɗaya, ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. Da ta yi kuskure sai ta janye hannu. Ni na koya mata cewa a koma farko, yanzu kuma farkon kawai ta iya. Zauna ka raka ta in gani."

Tsuntsuwa ta fito tana jan ƙafa. Bahago ya zauna a gefen hagu na bencin, ya bar mata wuri mai yawa.

"Ranki ya daɗe, ke ce shugaba. Ni ɗan rakiya ne. Inda kika bi nan zan bi."

Ta soma da yatsu biyu, shi yana bin ta a ƙasa, a hankali ƙwarai, har sai ka kasa kunne za ka ji shi. Layi na farko ya wuce lafiya. A na biyu yatsanta ya zame ya faɗa maɓallin kusa, sautin ya fito a karkace. Ta fizge hannayenta ta sa a cinya, ta dubi kakanta.

Bahago bai tsaya ba. Hagunsa ya ci gaba da tafiya, ya ɗan karkata, ya je ya tari sautin nan da ya ɓata, ya shimfiɗa masa wasu a ƙarƙashi. Sannan ya sake buga shi da kansa, da gangan, sau biyu. Abin da ya fito kamar kuskure ɗazu sai ga shi ya zama wurin da ya fi ko'ina daɗi a waƙar.

"Ci gaba," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Ina nan."

Ta dube shi, ta dubi maɓallan, ta mayar da yatsunta. Ta sake zamewa a layi na uku, ya tare. Ta yi sauri, ya bi ta da sauri. Ta rikice ta tsaya tana neman wuri, ya riƙa zagayawa yana jiranta kamar ba abin da ya faru, har ta samu. Uwar tana tsaye da sifana a hannu tana kallonsu. Wani mai wucewa ya tsaya a bakin shagon, wani ya tsaya a bayansa. Da yarinyar ta danna maɓallin ƙarshe, Bahago ya rufe mata da sauti ɗaya mai kauri, ya ɗaga hannu.

Tsuntsuwa ta juyo wurin kakanta.

"Kaka, na kai ƙarshe!"

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Sau huɗu ta yi kuskure," ya ce.

"Sau huɗu, Baba," in ji Bahago.

"Ban ji ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba." Ya mayar da tabarau. "Kuma duk tsawon waƙar ban ji ka nuna gwanintarka ba. To amma tafiyar fa?"

Bahago ya sauko daga bencin ya durƙusa. "Baba, ba zan ce maka zan daina tafiya ba, don ƙarya ce, ita ce sana'ata. Na dai yi magana da su, zagaye biyu zan riƙa yi a shekara maimakon huɗu, sauran lokacin in koyar a nan gari. Ranar tafiya da ranar dawowa kuwa, kafin in fita sai na rubuta su inda kowa zai gani. Idan jirgi ya yi latti, ku za ku fara ji."

Tsohon ya dube shi. "Wancan mijin nata na farko ya yi mini alƙawarin duniya. Kai ka zo ka ce ba za ka daina ba." Ya juya wurin 'yarsa. "Uwata, har yanzu kina nan a kan bakanki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina nan, Baba."

"To tashi, ɗana. Ka turo manyanka. Kuma ka ɗauke akwatunan nan daga hanya kafin in karya ƙafa a fasa bikin."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. An ture fiyanoni jikin bango aka jera kujeru a shagon, 'yan ƙungiyar suka zo gaba ɗaya. Mawaƙiyar ta rungume amarya ta ce, "Ashe ke ce kika kusa sa mu rasa makaɗi." Mai kemis ma ya zo da kyauta, ya zauna a gaba, ya yi wa ango murna da zuciya ɗaya, ya ƙara da cewa idan tafiya ta kawo ciwon baya ƙofarsa a buɗe take har ƙarfe takwas.

Da aka natsu, tsohon ya miƙe ya dafa kan 'yarsa, ya dafa kan angon. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku riƙa jin juna. Allah ya kai ka inda za ka, ya dawo mana da kai lafiya." Ɗakin ya amsa da amin.

Amarya ta raɗa masa, "Yanzu kuma me zan riƙa kiranka? Baƙona ya ƙare."

"Ki bar shi haka, Mai Kunne. Baƙo ai shi ake yi wa girki mai daɗi."

Tsuntsuwa tana zaune a tsakaninsu da sababbin takalma da ke matse mata ƙafa. Ta ji wasu baƙi a baya suna cewa ango zai yi tafiya nan da mako uku, wata ta ce kai, abin tausayi. Yarinyar ta juya ta dube su, ba ta ga abin tausayin ba. Yawancin abin da manya suka faɗa a ranar ya wuce ta. Abin da ta gane shi ne, mutumin nan zai tafi ranar tara ga wata, kuma ranar talatin zai dawo gida.